Masu Dakali, Masu Jaki da Sauran Jama'ar Lamu

A tsohon garin Lamu babu hanyar da mota za ta bi, kuma ba doka ce ta fara hana ta ba, magina ne. Waɗanda suka yi ta aza gidajen nan tun shekaru 700 da suka wuce, da cikin jaki mai ɗauke da mangala suka auna lungunansu, sannan suka ƙara ɗan abin da mutum zai raɓa ya wuce idan Allah bai ba shi tumbi ba. Garin yana kan tsibiri ne cikin tekun Indiya, a arewacin gaɓar Kenya, ba nisa da iyakar Somaliya. Gidajen na dutsen murjani ne da farar ƙasa, hawa biyu ko uku, an rufe su da azarar itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma sun matsu da juna har rana ba ta samun leƙa ƙasa sai wajen azahar. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mutanen garin suka ji, suka ce madalla, suka koma kan dakalinsu.

Abin da ya sa garin ke da daɗin kallo shi ne babu inda mutum zai ɓoye halinsa. A birnin motoci mai girman kai yana ɗage gilashi ya wuce, wanda kake bi bashi ya canza titi. A nan kuwa kafaɗa da kafaɗa ake giftawa, safe da yamma. Sannan duk wani abu da aka kafa don jama'a, dakali ne, famfo ne, igwa ce, matattakalar tasha ce, akwai wanda ya mai da shi ofishinsa ba tare da takardar kama aiki ba.

Wanda baƙo zai fara cin karo da shi Kyaftin ne. Filin jirgin sama yana tsallake, a tsibirin Manda, motocin safa daga Mombasa da Malindi kuma a Mokowe suke tsayawa, don haka ko ta ina ka biyo sai ka shiga kwale-kwale. Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar jirgi a bakin ruwan nan Kyaftin ne, har da yaron da aikinsa kwashe ruwan da ya tsatso cikin jirgi da yankakkiyar jarka. Amma iri biyu ne: akwai mai jirgi, akwai mai baki. Mai baki shi ke tarbarka a matattakala. Kafin ka gama daidaita ƙafarka a kan dutsen da gansakuka ya sa wa santsi, jakarka tana kafaɗarsa, ya kira ka ɗan uwa, ya tambayi lafiyar iyalin da bai san ko kana da su ba. Ba zai ce ka biya shi ba. Raka ka kawai zai yi zuwa masauki, fisabilillahi, sai dai masaukin da ka ambata, in ji shi, ya cika tun jiya, ko kuwa ana gyaran rufinsa. An yi sa'a, akwai na wani kawunsa. Tsibirin nan cike yake da kawunnai masu ɗakin haya.

Da mai jirgi kuwa rigimar agogo ce. Sawahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, domin a wannan yanki rana kusan lokaci guda take fitowa duk shekara. Ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Idan Kyaftin ya ce ƙarfe huɗu za a tashi, hantsi yake nufi, goma na safe, kuma baƙon da ya koma ya yi barcinsa yana jiran la'asar zai zo ya tarar da ruwa tsura. Wanda ya gane wannan ma bai tsira ba, domin bayan agogon Bature da na Sawahili akwai na teku, wadda ke cika ta janye sau biyu a kwana ba tare da shawartar kowa ba. Bayan na teku kuma akwai na huɗu da ya fi su duka iko: sai jirgi ya cika. "Saura mutum ɗaya, Shehe," haka zai ce maka. Mutum uku su shigo, ya sake cewa saura mutum ɗaya.

Ainihin gwamnatin garin dai a kan dakali take. Kusan kowane tsohon gida yana da ɗan buɗaɗɗen zaure a ƙofa, da dakalin dutse dama da hagu, inda maigida ke karɓar baƙi maza ba tare da sun leƙa ciki ba. Akwai kuma manyan wuraren zama na kowa da kowa a dandalin Mkunguni, ƙarƙashin bishiyoyi, gaban tsohon sansanin da aka gina tsakanin 1813 da 1821 da taimakon Sarkin Oman Sayyid Sa'id. Turawan Ingila sun mai da ginin kurkuku a 1910, a haka ya zauna har 1984. Yanzu gidan tarihi ne da ɗakin karatu, amma dattawan da ke zama a gabansa tun hantsi har magariba sun fi fursunonin da iya zama wuri ɗaya.

Na ce na kowa da kowa ne, to, a baki ne. Kowane taƙi na dakalin yana da mai shi, wasu ma gadonsa suka yi. Baƙon da ya zauna a gurbin wani, ba wanda zai ce masa tashi, mutanen nan sun fi ƙarfin irin wannan rashin ladabi. Mai gurbin zai zo ya tsaya a kanka, ya dogara sanda, ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi yadda ka baro ƙasarku da shugabanta, ya dawo kan gajiya. Wajen zagaye na uku za ka ji ƙafafunka sun miƙe da kansu, shi kuma ya ce, "Haba, yi zamanka mana," yana tattare zanensa yana zama.

A kan dakalin akwai Mai Labari. Da asuba yake kunna rediyo, kafin hantsi labarin ya zama nasa, kafin la'asar a gabansa aka yi. Kusa da shi kullum akwai Mai Gyara, wanda ba ya kawo zance, jira yake a kawo. "Ba wannan shekarar ba ce, Mzee, shekarar ruwan El Nino ce." "Ba jakinsa ba ne, na surukinsa ne." Ko labarin mafarki ka kawo sai ya gyara maka launin rigar da ka sa a ciki. Su biyun ba sa ga maciji, amma ranar da ɗaya bai fito ba, ɗayan ne zai fara aika yaro ya dubo ko lafiya.

Wanda ya fi burge ni shi ne Tsohon Matuƙi. Shi da gaske ya yi teku. A ƙuruciyarsa jiragen katako masu ƙyalle suna zuwa daga ƙasashen Larabawa da iskar kaskazi wadda ke fara kaɗawa wajen Disamba, su sauke dabino da busasshen kifi, su jira iskar kusi ta juyo wajen Afrilu su koma da azara tinjim, domin ƙasashen can ba su da itacen rufi. A 1982 gwamnatin Kenya ta hana fitar da azarar zuwa waje, sana'ar ta mutu, aka bar shi da kaya ɗaya da kwastan ba ya karɓa, wato labari. Igiyar ruwan da ta taso musu a hanyar Maskat tana ƙara kamu ɗaya duk shekara. Jikokinsa sun ce da can tsawon gida ce, yanzu ta haura hasumiya. Mai Gyara ma ba ya taɓa wannan labarin, domin bai je ba, kuma duk sauran waɗanda suka je sun riga mu gidan gaskiya.

Sai Mai Gyangyaɗi, wanda ba abin da ke tada shi sai kiran salla da kalmar shilin. Sai Mai Ƙirga, wanda bakinsa a rufe yake amma idonsa ne rajistar unguwa. Ya san wa ya wuce da kifi, wa ya wuce da wake, wa ya wuce sau biyu ta lungun da ba hanyarsa ba ce. Idan kana neman mutum a Lamu, ka bar waya, ka tambaye shi. A gefe kuma ana buga bao, wasan allon katako mai ramuka 32. Masu wasan biyu ne, masana wasan goma sha, kuma duk masanan a tsaye suke, ba wanda ya taɓa ganin ɗayansu ya zauna ya buga.

Daga dakali sai jaki. Dubbai ne a tsibirin, kuma su ne tirela, su ne tasi, su ne motar ɗaukar shara. Duk bulon murjani da buhun siminti da ke jikin ginin garin nan a bayansu ya hau tudu, haka akwatunan lemo da tukunyar gas da firiji. Jakin ƙauyukanmu yana ganin mutum ya kauce, na Lamu kuwa ya san lungun don shi aka yanka, kai ne baƙo. Mahayansu can kan kuturi suke zama, ƙafafu suna kusan jan ƙasa, da 'yar tsumagiya a hannu, suna kaɗa harshe. A cikinsu akwai Ɗan Sukuwa, saurayin da ya sa ran lashe tseren jakuna na bikin al'adun garin, wanda ake yi kusan kowace shekara tun 2001. Shi kowane aike atisaye ne, ko gishiri aka aike shi saye. Akwai kuma dattijon da ya daɗe da miƙa wa jakinsa ragamar al'amura: ya hau, ya lumshe ido, jakin ya kai shi kasuwa, ya tsaya cak a ƙofar mai gahawa ba tare da an ce masa ba, ya dawo da shi gida. Da dare kuma ana sakin da yawa daga cikinsu su nemi na kansu, sai ka gan su a dandali suna cin kwali cikin natsuwa.

Gamuwa da jaki mai kaya a lungu ita ce jarrabawar da ke tona asirin kowa. Ɗan gari yana jin takun kofato tun daga kwana, ya karkata kafaɗa kaɗan, bai ma katse zancensa ba. Mai Mannewa yana juyawa ya rungumi bango, ya shanye ciki, ya runtse ido, ya fita da farar ƙasa a gaban rigarsa daga wuya har gwiwa. Mai Faɗawa Gidan Mutane duk ƙofar da ya gani a buɗe tasa ce, sai ya tsinci kansa a tsakiyar mata suna tankaɗe, ya shiga ba da haƙuri da harshen da ba sa ji. Amma gwarzon fagen shi ne Mai Taurin Kai, galibi ma'aikaci ne da aka turo daga babban yanki, da takalmi mai ƙyalli da fayil a hammata. A ganinsa tsakanin jami'in gwamnati da dabba an san wanda ya kamata ya kauce. Jakin bai je makaranta ba. Mangala ta ɗan shafe shi, ƙafa ɗaya ta sauka a kwata.

Kwatar ma abin magana ce. Ƴar siririya ce a buɗe, tana bin gefen kusan kowane lungu. Garin a kan gangare yake, lungunan suna sauka zuwa teku, don haka ruwan wanke-wanke yana bin hanyarsa, damina kuma ta zo ta yi babbar shara. Dabara ce mai kyau ga garin da mutanensa ke kallon gabansu. Ba a yi ta don Mai Waya a Hannu ba, wanda ke bin taswirar intanet a unguwar da lungu ke haifar lungu, wani ma ya bi ta ƙarƙashin ɗakin da aka gina a kansa. Akwai kuma abin da jakuna ke bari a hanya. Ɗan gari ba ya kallon ƙasa kuma ba ya takawa. Baƙo idonsa na ƙasa tun safe, shi ne kuma zai taka.

Waɗannan ɗakunan da ke tsallake lungu daga gida zuwa gida an yi su ne don mata su riƙa ziyartar juna ba tare da sun sauko titi ba. Daga can ne Mai Murya Daga Sama ke mulki. Ba ka ganinta, amma ita tana ganin kowa. Yaro yana tsakiyar ƙwallo sai a kira cikakken sunansa daga wata taga mai ƙyauren katako, ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Mai kifi yana wucewa a tsayar da shi, a yi ciniki daga hawa na biyu, a kushe kifin da ba a ko shinshina ba, a rage masa kuɗi. Na ga ƙato mai gemu ya fito da sigari, aka yi gyaran murya daga sama, ya mayar da shi aljihu ya ci gaba da tafiya.

A ƙofofin manyan gidaje kuwa Ɗan Jagora ke farauta. Ƙofofin sun cancanci a tsaya a kalle su: katako mai kauri, ƙyaure biyu, ginshiƙi a tsakiya da aka sassaƙa da furanni da sarƙa, wasu da rubutun Larabci a sama. Shekarun ƙofa dai a bakin Ɗan Jagora sun danganta da takalmin mai tambaya. Wadda ya ce wa ɗaliban makaranta shekara 100, idan Bature mai doguwar kyamara ya zo ta zama 400, alhali kafintan da ya sassaƙa ta yana bayan gidan yana shan shayi. Kuliyoyin garin, masu dogayen ƙafafu da siririyar fuska, a wurinsa jikokin kuliyoyin Fir'auna ne. Duk wani mai ƙananan idanu da ya wuce, jikan matuƙan Sin ne na ayarin Zheng He da ake cewa jirginsu ya nutse a kusa da tsibirin Pate shekaru 600 da suka wuce. Baƙi suna gyaɗa kai suna rubutawa. Abin dariya, labarinsa na gaskiya shi ne ba sa yarda da shi. Idan ya nuna wani ɗan gida a babban lungu ya ce wannan gidan wayar Jamusawa ne, sai ka ga ana murmushi. Ai kuwa haka ne. An buɗe shi a 1888, lokacin da Jamus ke riƙe da masarautar Witu a tsallake, aka rufe a 1891 bayan ta sasanta da Ingila ta tattara nata ya nata. Bai ko cika shekara uku yana aiki ba, yau gidan tarihi ne, kuma ya fi shekarun aikinsa yawa yana karɓar baƙi.

Baƙin su ma kala-kala ne. Mai Hoton Ƙofa ya zo tsibirin ne don katako, mutane cikas ne gare shi, zai iya tsayawa rabin awa yana jiran tsohuwa ta tashi daga ƙofar gidanta. Ɗan Nairobi yana sauka zai tambayi inda ake samun tasi, a nuna masa jaki, ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi. Sai wanda ya fi ɗan gari zama ɗan gari: Bature ne da ya kwana biyu, ya ɗaura zanen kikoi, ya kafa hular kofia mai aikin allura, ya cire takalmi, yana gaishe da kowa da ƙarfi, har yana yi wa sabbin zuwa faɗa a kan al'ada. Zanen ne dai bai gama koyon ɗaurawa ba, shi ya sa hannunsa ɗaya kullum yana ƙugu. Manyansu suna Shela, ƙauyen da ke kimanin kilomita 3 daga gari, inda rairayin bakin teku ya miƙe kusan kilomita 12. Tun da aka buɗe otal ɗin Peponi a 1967 masu kuɗin Turai suka fara sayen tsofaffin gidaje suna gyarawa. Suna zuwa 'yan makonni a shekara, sauran watannin kuma mai gadi ne ke shan iskar bene, sau da yawa Bamasaye da jan bargo da sanda, mutumin da kakanninsa ba su haɗa komai da teku ba.

Tudun yashin nan na Shela ba ado ba ne kawai, a ƙarƙashinsa ruwan sha na tsibirin yake kwance, daga rijiyoyinsa ake turo wa gari. Shi ya sa famfon unguwa ke da nasa jama'ar. A nan jarkoki ne ke bin layi, masu su suna inuwa suna hira, kowa ya san tasa da alamar igiya ko ɓallin fenti. Mai Jarka Ɗaya za ta zo da murmushi, "Yaya, ɗaya ce tak, na bar tukunya a wuta." A ba ta hanya. Tana kafa ta farko sai ga 'ya'yanta sun ɓullo daga kwana, kowanne da biyu.

Bakin teku shi ne kaɗai wurin da garin ya yarda ya buɗe ƙirji, kuma a nan ne 'yan motocin hukuma da ba su taka kara sun karya ba ke iya motsawa. Gaban wani gidan tarihi da ke wurin akwai tsofaffin igwa da ke fuskantar ruwa. An ajiye su don a tuna yaƙi, amma yanzu da safe yara ke hawansu suna sukuwa, da rana masu tura kura ke jingina da su, da yamma kuma Mai Doguwar Waya ya zauna a kan bakin ɗaya yana rantsuwa wa wani a Mombasa cewa ya turo kuɗin tun jiya. Ba nisa da shi akwai ɗan koren shago na M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya da aka fara a Kenya a 2007, da yarinyar da ke zaune bayan ragar ƙarfe. Ta ji kowace irin rantsuwa a duniya. Ba ta musu da kowa, sai dai ta miƙo hannu ta ce, "Baba, nuna mini saƙon."

A wannan fili ne kuma sabon shiga ya bayyana, wato ɗan acaɓa. Shekarun baya-bayan nan babura suka shigo tsibirin, aka yi ta kai ruwa rana tsakanin masu kare tarihin gari da samarin da ke cewa tarihi ba ya sayen shinkafa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, ni dai na fi tausayin dattijon da ya shekara 70 yana tafiya a tsakiyar hanya bai taɓa waiwaye ba, yanzu an ce ya koyi jin oda. Masu jakuna suna kallon 'yan acaɓa a wulaƙance, suna cewa abin hawan da ba ya haihuwa ba dukiya ba ce.

Idan la'asar ta yi sanyi sai Mai Gahawa ya fito da butarsa ta tagulla mai tsinin kai, garwashi a ƙarƙashinta, yana karkaɗa 'yan ƙananan kofuna marasa mariƙi. Gahawar baƙa ce, da ɗaci da citta, ana bin ta da ɗan yankin halwa. Yana da abokin ciniki ɗaya da ya fi kowa zuwa kuma ya fi kowa kushewa: ta yau ba ta kai ta jiya ba, ƙaro ɗaya in tabbatar. Biya kuma sai jirgin ɗansa ya dawo. Can gefe majalisar masu tauna mira ta zauna, ganyen da ake kawowa daga Meru, kumatu ɗaya a kumbure. Waɗannan su ne Masu Tsare-tsare. Sabuwar tashar jiragen ruwa da shugaban Kenya na lokacin, Uhuru Kenyatta, ya buɗe matsayarta ta farko a watan Mayun 2021 a mashigin Manda, su sun gama gina ta da baki tun kafin a kafa tubali, sun shimfiɗa layin dogo har Habasha, sun raba muƙamai. Da safe ka gamu da shugaban kamfanin jiya yana neman canjin shilin 50.

A watan Rabi'ul Awwal kuwa duk wannan tsari rushewa yake. Maulidin masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa, malamin nan ɗan asalin Hadramaut da ya zo daga tsibiran Komoro ya rasu a 1935, yana jawo dubban mutane daga duk gaɓar gabashin Afirka. Lungun da jaki ɗaya ke cikawa sai ya ɗauki ayari da tambura. A lokacin ne ake gane Mai Dangi, wanda duk shekara ba a san yana da kowa ba, sai ga 'yan uwa daga Pate da Malindi da Zanzibar sun cika masa gida har bene, shi da kansa ya koma kwana a dakalin ƙofarsa yana cewa ai ya fi iska.

A arewacin bakin tekun akwai asibitin jakuna, wanda wata ƙungiyar agaji ta Ingila, ta Elisabeth Svendsen, ta buɗe a 1987, kuma magani kyauta ne. Da safe za ka ga marasa lafiya a jere, wani da gyambo a gadon baya, wani da kofato ya yi tsawo, wani ya haɗiyi leda. Masu su ne abin kallo. Akwai wanda ke ba da tarihin ciwon tun daga kakar jakin, yana shafa masa kunne, idonsa ya ciko. Akwai wanda an tambaye shi bulo nawa yake ɗora masa ya ce, "Huɗu, Likita, wallahi huɗu," alhali bayan jakin yana ba da shaidar goma. Wani dattijo kuma ya tsaya har aka gama wanke wa jakarsa ƙafa aka naɗe, ya yi godiya, ya sa albarka, ya ja akala kamar zai tafi. Sai ya dawo, ya ɗage zanensa zuwa gwiwa, ya rage murya.

"Likita, tun da dai man nan kyauta ne, ni ma wannan gwiwar tun watan azumi take damuna."